Ranar da Kaka Ya Je Nema wa Kawu Doktora

Shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai fitar da kai ba aka kawo ni Tasawa, gidan Kawu, yayan innata, don in shiga kolej. A garinmu, can wajen Hawan Dawaki, babu sai ƙaramar lakwal, wato firamare. Kawu mushe ne, wato malamin boko, yana koyar da tarihi da labarin ƙasa, kuma a wannan shekarar albashinsa ne ke ɗora tukunya biyu, ta matarsa a Tasawa da ta tsohonsa a ƙauye. Maza da yawa sun gangara kudu neman abin kaiwa baki. Shi kuwa ko Maraɗi ya je, ba ya kwana.

Ni ba mai magana ba ce. Na san kowane mushe na kolej da takalminsa tun kafin in san fuskarsa. Na san wanda ke taka bayan takalmi, na san wanda safarsa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. A gida ma haka nake. In Kawu ya shigo sai in durƙusa in gaishe da ƙafafunsa, in koma bayan rumbu da kayena, littafin da nake rubutu ciki. Matarsa, wadda muke ce wa Tanti, takan ce ta taɓa riƙon kaza da ta fi ni surutu.

Abin da Kawu ke so a duniya shi ne doktora, wato diplom ɗin da babu wani a samansa. Abokan karatunsa biyu sun tafi ƙasashen waje sun samo, shi bai iya tafiya ya bar gidaje biyu ba. Sai ya ji labarin wata jami'a a ƙasar Annasara, inda ake Faransanci, da ke koyarwa daga nesa. Kana zaune a garinku, darasi ya zo maka ta ordinater, wato kwamfuta, ka yi rubutu ka aika ta nan, malamanka su duba su maido. Ba jirgi, ba sallama da kowa. Ranar da ya ji haka ya dawo gida yana tafiya kamar an rage masa kaya.

Aka fito da akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Takardunsa duk ƙamshin kafur suke, kowace a cikin ledarta. Ya yi ta zirga-zirga tsakanin mai hoto da meri, ofishin magajin gari, da siber, wato ɗakin da ake biya a zauna gaban ordinater, wanda ke bayan tasha. Dosiye, wato tarin takardun neman, ya kusa haɗuwa ke nan, sai wata rana da azahar rediyo ta daina magana ta kama kiɗan soja. An karɓe mulki a Yamai. A Tasawa ba mu ga wani abu ba, mai ƙosai ta fito yadda ta saba, jakuna suka ci gaba da jan ruwa. Abu ɗaya ne ya tsaya, takardar Kawu ta ƙarshe, wadda ke jiran sa hannu, don an ɗan jima ba a tabbatar da wanda zai sa hannun ba.

Kullum ya dawo sai ya rataye hula ya ce, "Sun ce a jira."

Tanti ta ce, "Ka gani ko? Har sojoji sun ji labarin doktorar nan taka."

Aka dai sa hannun daga baya, dosiye ya tafi. Lokacin zafi ya kama sosai saƙo ya zo cewa takardunsa sun wuce, saura abu ɗaya: ganawa. Manyan malaman za su gan shi ta kamera, shi ma ya gan su, su yi masa tambayoyi. Sau ɗaya ake yi, lokacin bai kai tsawon darasi ɗaya ba, kuma akwai masu nema daga wasu ƙasashe a layi bayansa, wuraren kuwa kaɗan ne. In wannan ta ɓaci, shi ke nan.

Wani abokin aikinsa da ya taɓa zama can ya gargaɗe shi cewa Annasara ba su yarda da mutumin da ke magana yana kallon ƙasa ba. Sai ka dube su cikin ido, kuma ka yabi kanka da bakinka. Waɗannan abubuwa biyu kuwa su ne Kawu bai taɓa yi ba tun da aka haife shi. Don haka ya ce zai gwada a gida. Ya ajiye kujera a tsakar gida, ya kira ni.

"Zauna nan. Ke ce furofesa. Dube ni."

Na zauna a gefen kujerar. Na ɗago kai har na kai maɓallin rigarsa na biyu, wanda aka ɗinke da baƙin zare alhali sauran da fari, na tsaya nan.

"Sama."

Na kai wuyansa.

"Ido na ce, ɗiyata, ido."

Da na yi ƙarfin hali na ɗago gaba ɗaya, sai na tarar shi ma turmi yake kallo. Tanti tana bakin murhu, dariya ta sa ta saki muciya.

"Wayyo Allah, kunya ta auri kunya. Tashi, yarinya, ba ni wurin."

Ta zauna ta ɗora ƙafa kan ƙafa, ta sa tabaransa a kan hanci, ta riƙe muciya kamar bik na rubutu.

"Bon. Mushe, gaya mana, mi ya sa za mu ɗauke ka mu bar na sauran ƙasashe?"

Kawu ya ce, "To, ba wai na fi kowa ba ne..."

"An kore ka. Na gaba!"

Haka suka yi ta yi kowace yamma, tana korarsa yana dawowa, har ya iya cewa "na yi bincike" ba tare da ya ƙara "ɗan abin da ba a rasa ba" a bayansa.

Kuskurensa ɗaya, in kuskure ne. Ana saura ƴan kwanaki ya hau kabu-kabu ya je ƙauye neman addu'ar tsohonsa, ya gaya masa ranar da za a yi. Ya dawo yana ba Tanti labari yana murmushi, wai tsoho ya tambaye shi wa zai nema masa. Suka yi dariya suka bar zancen.

Ana gobe ganawa, da la'asar, muka ji ƙarar amalanke a ƙofar gida. Na leƙa. Wani sa ne da za ka iya ƙidaya haƙarƙarinsa daga nesa, a bayansa Kaka, tsohon Kawu, zaune a kan buhun ƙaiƙayi, kusa da shi amininsa, wani tsohon Bafillace da muke ce wa Baffa, wanda sa ɗin nasa ne, shi ne ma ya rage masa a garke. A cinyar Kaka akwai ƙullin jiƙaƙƙen algarara. Ko ban taɓa ba na san goro ne. A shekarar da ake dafa ganye a ci, ya samo goro.

Kawu shi ne ɗan farin Kaka, don haka Kaka bai taɓa kiran sunansa ba, bai kuma taɓa duban fuskarsa yana magana ba. "Yaron nan" yake ce masa, ko da furfura ta fara fito wa yaron. Ni kuwa jika ce, tsakanina da shi sai wasa. Yana sauka ya hango ni bayan ƙyaure.

"A'a, ga matata! Ke, haka aka yi da ke? Na turo ki birni ki yi ƙiba, kin koma kamar sanda. Zo ki karɓi jakar mijinki."

Sauran jikokinsa da sun rama. Akwai ƴar ƙanen innata da ke ce masa tsoho mai ran ƙarfe, ta ce ta sake shi ta auri mai babur. Ni ban taɓa ramawa ba ko sau ɗaya. Na karɓi jakar na gudu.

Bayan an ci abinci, Kaka ya yi bayani, yana fuskantar Baffa, ko da yake da Kawu yake.

"Mutum ba ya nema wa kansa. Ko mata, ko aron gona, ko wuri gaban malami, manya ke zuwa. Da ƙannena na nan, su zan turo. Guda ya rigaye mu, guda ya tahi kudu. To ni na zo, ga shaidana."

Kawu ya ce, kansa a ƙasa, "Baba, ai su ba haka suke yi ba. Ta cikin na'ura ne."

"Suna ji?"

"Suna ji."

"Suna gani?"

"Suna gani."

"To mi ya rage?" Ya gyara zaman ƙullin goron. "Lokacin da aka sa yaron nan lakwal ina gona. Dogari ya zo ya ɗauke shi da ƙafa ba takalmi, ban miƙa shi hannun kowa ba. Wanga karo ni zan miƙa shi."

Na ga Tanti a bakin ɗaki ta buɗe baki ta rufe. Suruka ba ta da ta cewa a nan.

Washegari da hantsi muka kama hanyar siber. Kaka a gaba da babbar rigarsa mai ruwan ƙasa da wata jar hula da ya kwana da ita ƙarƙashin tabarma don ta miƙe. Baffa da malafarsa da sanda a kafaɗa. Kawu cikin farar shadda, dosiye a hammata. Tanti ta ce ita kasuwa za ta, amma kasuwar ta bi ta bayan tasha. Ni aka ɗora wa goro.

Siber ɗin ɗaki ne ƙarami mai silin ɗin kwali, da ordinater a jere jikin bango, da fanka mai juya kai tana ƙara kamar tana ƙin wani abu. Mai siber, wani saurayi mai son Kawu, ya sallami kowa tun da safe, ya zuba isansi, wato fetur, a gurup, injin ba da wuta, ya tayar don kada kuran, wato lantarki, ya ɗauke a tsakiya. A lungu ya shirya na'urar da ke da kamera, ya goge gilashinta, ya ajiye kujera ɗaya a gabanta.

Kujera ɗaya. Da ya ga dattijo ya shigo, bai yi wani tunani ba, ya jawo ta ya ce, "Bismilla, Baba." Kaka ya zauna. Baffa ya tsuguna a gefe. Kawu kuma, wanda ba zai tsaya a kan tsohonsa ba balle ya zauna daidai da shi, ya durƙusa a ƙasa kusa da ƙafar tebur. Mai siber ya dubi abin da ya aikata, ya dafe kai, amma na'ura ta riga ta fara ƙara.

Fuskoki uku suka fito. Wata tsohuwa mai gajeren farin gashi a tsakiya, da alama ita ce babba. Wani mai gemu da kofi a hannu. Da wani siriri da ke gefe, rabin fuskarsa a waje. A kusurwar gilashin, can ƙasa, akwai wani ɗan murabba'i da ke nuna abin da su suke gani. Na matsa kaɗan na duba. Kaka ne ya cika shi, da jar hularsa da farin gemunsa. A gefen ƙasa akwai wani ɗan farin abu kamar bakin ƙwarya. Saman hular Kawu ke nan.

Tsohuwar ta yi murmushi ta gaishe da Kaka da Faransanci, ta ce sun karanta aikinsa sun ji daɗi. Daga ƙarƙashin tebur murya ta fito ta ce, cikin ladabi, ba shi ba ne, wannan mahaifinsa ne. Mai gemu ya leƙo kamar zai hango ƙarƙashin teburin daga can.

Kaka ya yi gyaran murya.

"Gaya masu ina yi masu sallama. Ina kwanansu."

Kawu ya fassara. Suka amsa.

"Ina gajiya. Ina iyali. Ina yara."

Ya fassara. Suka ce lafiya, suna duban juna.

"Ina gidan wancan mai gemun. Shi ma a tambaye shi, kada ya ce an raina shi."

Aka tambayi mai gemu. Aka tambayi siriri. Kaka ya tambayi ruwa, aka ce masa ana yi kullum har sun gaji da shi. Ya juya ya dubi Baffa.

"Ka ji, wai sun gaji."

Baffa ya ce, "Tambaye su ciyawa."

"Bari mu gama da abin da ya kawo mu."

Kaka ya sa aka kwance goro, ya ɗaga ƙullin ya nuna wa kamera, ya ajiye gaban gilashin. Sannan ya shiga magana, yadda uba ke yi in ya kai ɗa.

"Gaya masu ga yaro na kawo. Bai san komi ba. Ba shi da wayo, kuma shina da taurin kai tun shina ƙarami. Su yi haƙuri da shi. In ya yi ba daidai ba su hore shi, ba sai sun tambaye ni ba."

Ina jin Faransanci daidai gwargwado a lokacin, don haka na saurara in ji yadda Kawu zai gyara maganar. Bai gyara ba. Mutumin da Tanti ta kwashe yammaci da yawa tana koya wa yabon kai ya gaya wa manyan malaman jami'a, kalma bayan kalma, cewa mahaifinsa ya ce bai san komai ba, ba shi da wayo, kuma a hore shi. Mai gemu ya ajiye kofinsa ya rufe baki da hannu. Tsohuwar ta ce ta gode ƙwarai, maganar ta taɓa ta. Sannan ta ƙara, a hankali, cewa lokaci na tafiya, akwai wani mai nema da ke jira bayan wannan, kuma suna so su ga fuskar mai neman su yi masa tambayoyi.

Wannan kam Kawu bai fassara ba. Ba yadda ɗan fari zai ce wa tsohonsa tashi.

Kaka ya gama maganarsa, amma bai motsa ba. Ya ɗora hannu biyu a gwiwa yana duban gilashi. Su ma suna dubansa. Fanka ta juya ta dawo. Siririn nan ya ɗaga hannu ya dubi agogo, ya rubuta wani abu. Na dubi Kawu. Gumi ya jiƙa bayan farar shaddarsa har ta manne, babban yatsansa yana ta murza kusurwar dosiye har ta naɗe. Mai siber ya dubi Baffa da roƙo, Baffa kuwa ya ɓare goro ɗaya daga cikin na baƙi yana ci.

Sai na ji an mintsine ni a baya. Tanti ce, daga bakin ƙofa, ta rufe rabin fuska da mayafi.

Ta raɗa mani, "Ke kaɗai ce."

Na girgiza kai.

"Ni suruka ce, shi ɗa ne, wancan yaron mutane ne. Ke jika ce. Ko mi kika yi masa, wasa ne. Je ki."

"Mi zan ce?"

"Oho. Ki tashe shi."

Ban san yadda ƙafafuna suka kai ni ba. Na tuna dai sanyin siminti, don na bar takalmina a waje. Na tsaya bayan kujerar, na ga kaina ya shigo cikin ɗan murabba'in nan, da kallabina a karkace. Abin da ke gaban idona kawai jar hula ce, da layin da tabarma ta bari a jikinta. Na miƙa hannu na cire ta.

Kan Kaka ya fito fes, yana ƙyalli ƙarƙashin fitila. Ya kai hannu biyu ya rufe, kamar wanda aka watsa wa ruwa.

"Kai! Wane ne?"

Sai na ji wata murya, wadda ashe tawa ce, ta ce da ƙarfi, "Mijin banza! Tun jiya kake garin nan, ko ƙuli-ƙuli ba ka saya mani ba. Hula ta zama jingina."

Na ruga waje. A bayana na ji kujera ta yi ƙara, na ji Baffa ya shaƙe da goro don dariya, na ji Kaka yana cewa, "Ku gafarce ni, ku gafarce ni, iyali ne," yana fitowa da hannu a ka. Baffa ya biyo shi. Suna ƙetare ƙofa Tanti ta jawo ta ta rufe, ta jingina bayanta da ita, tana kallon sama kamar mai duban hadari. Abu na ƙarshe da na hango kafin ƙofar ta rufu shi ne mai siber ya kama Kawu ta hammata yana ɗora shi kan kujera.

Akwai wata itaciyar bedi a gaban siber, da benci a ƙarƙashinta. Nan na tsaya, hular a bayana. Kaka ya iso yana haki, ya zauna a bencin, ya ja gefen rigarsa ya yafa a ka. Masu kabu-kabu na tasha suka juyo suna kallo.

"Ashe kina da baki? Baffa, ka ji ta? Shekara da shekaru ina aure da kurma, yau ta tashi tona mani asiri gaban Annasara."

Baffa ya ce, "Biya ta. Ni shaida ne, ba ka saya ba."

Na san in na ba shi hular zai koma ciki, don haka na ƙi. Ya ce ƙuli-ƙuli, na ce ya wuce nan. Ya ce da rake, na ce ba lokacinsa ba ne, ya sani. Ya ce to zai sake ni, na ce sai dai ya tafi gida da kai tsirara, yara su bi shi. Kowace magana na faɗa sai in ji kunya ta taso mani har kunne, sai kuma wata ta fito. Masu kabu-kabu suka shiga ciki, wasu na bayana, wasu na bayan tsoho. Wani ya ce a kai mu wurin alƙali. Duk wannan ina satar kallon ƙofa, ina jin muryar Kawu sama-sama ta cikin ƙarar gurup, tana tafiya ba tsayawa, irin yadda take in yana gaban tabulo, allon aji.

Can Kaka ya miƙe ƙafarsa ta hagu yana matsa gwiwa, ya yi ƙasa da murya yadda ni da Baffa kaɗai za mu ji.

"Mutanen nan ba su iya sallamar baƙo ba. Na gama maganata tun tuni, ina jira su ce mun ji, a sauka lafiya, in tashi. Sun zuba mani ido kawai. Ƙafata har ta mutu."

Na dube shi, cikin ido, ban ma lura ba.

"Da sai yaushe za ka tashi?"

"Da muna nan har la'asar." Ya miƙo hannu. "Kawo hulata, ba inda za ni. Wa zai koma wurin mutanen da suka ga tsakar kansa?"

Na ba shi. Ya kakkaɓe ta ya sa, ya aiki wani yaro ya sayo mani ƙuli-ƙuli, ya cinye rabi shi da Baffa, suna jiƙa shi a baki don ba haƙora.

Da ƙofa ta buɗe, Kawu ya fito kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Ya zo ya durƙusa gaban benci. Kaka ya dubi bedi ya tambaye ta yadda aka ƙare. Kawu ya ce sun ƙara masa ɗan lokaci a kan nasa, sun yi tambayoyi, ya amsa abin da ya sani, sun ce za su rubuto. Tanti ta kasa haƙuri, ta tambaya daga nesa, bayan mayafi, ko ya dube su.

Ya ce, "Na dubi kamera. Ita ba ta da ido."

Ba mu san ko an samu ko an rasa ba. Kawu ya daina zancen gaba ɗaya. Kowace yamma yakan biya ta bayan tasha, ya dawo ya rataye hula, Tanti ta dubi fuskarsa ta ci gaba da abin da take. Wata rana ya ce mata shi kam da shi ne su, ba zai ɗauki mutumin da ya ce da bakinsa ba shi da wayo ba. Ba ta yi dariya ba.

Amsa ta zo bayan ruwan farko, ana gab da ba mu vakans, babban hutu. An ɗauke shi. Ya shigo gida da takardar da mai siber ya buga masa, ya tsaya tsakar gida ya rasa wa zai miƙa wa, sai ya miƙa mani. Tanti ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo suna tambaya wa ya haihu.

Tare muka tafi ƙauye da aka ba da hutu. Mun tarar da Kaka a gona ana shuka, yana bin layi da ƴar ƙwarya, yana jefa iri yana rufewa da diddige. Irin ma na taimako ne, nasa an cinye tun rani. Kawu ya durƙusa a kan jiƙaƙƙen yashi ya gaya masa. Kaka bai tsaya ba. Ya jefa, ya rufe, ya jefa, ya rufe.

Ya ce, "To. Madalla. Ke, ƙaro mani iri."

Da yamma ina wanke ƙore a bayan gida, na ji muryarsa ta cikin zana, yana zaune da maƙwabta a ƙofar gida, ya ɗaga ta yadda har na bakin masallaci za su ji.

"Ni na kai shi da kaina. Su uku ne, babbarsu mace ce, amma ta san girman mutane. Na ce masu ga yaro. Ba su yi mani gardama ba ko kaɗan."